Yadda Za Ka Sanar da Gayya Ba Tare da Saja Kefas Ya Ji Ba

Kai da ke riƙe da zauren WhatsApp na ƙungiya, matso kusa. Idan akwai maganar da doka ta tilasta maka ka faɗa wa kowa, amma zuciyarka ba ta son mutum guda ya ji, ga hanya an kawo maka har gida. Ba sai ka yi ƙarya ba, ba sai ka cire kowa daga zaure ba. Za ka ajiye sanarwarka a tsakiyar jama'a da rana tsaka, ka rantse a coci ko a masallaci cewa ka sanar, rantsuwar kuma ba za ta kama ka ba. Bi matakan nan yadda aka jera su. An ba ka tabbaci, babu wanda zai gane abin da ka rubuta. Ka riƙe wannan kalmar da kyau: babu wanda zai gane.

An gwada hanyar a Rikoto ta ƙasar Zuru damanar da ta wuce, a hannun Dominic, sakataren ƙungiyar manoman gindin dutse. Shi za ka riƙa kallo, duk inda ya sa ƙafa ka sa taka.

Mataki na ɗaya: Ka san doka, don ka san inda ta huje

Tun da gonakin nesa suka gagari zuwa, kowa ya dawo ya matse a gindin dutse, aka farfaɗo da gayya. Mutanen da kakanninsu suka yi wa surukai noman golmo shekara da shekaru kafin a ba su mata, ba su ɗauki gayya abin wasa ba. Shugaban ƙungiya, Malam Talle, shi ke zaga gonaki. Yanar ido ta soma rufe masa gani, don haka da sanda yake auna ciyawa. Ya gama ya zaɓi mutum biyu, wanda za a yi wa noma da wanda ke bi masa. Sakatare kaɗai yake gaya wa, don kada a dame shi da kamun ƙafa, sakatare kuma ya sanar a zaure. Mai gona ya amsa kafin ranar Laraba ta faɗi, ya tanadi abinci. In bai amsa ba, gayya ta koma kan mai bi masa. Wanda kuma aka yi gayya bai zo ba, ya koma ƙarshen layi.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Malam Talle ya tsayar da Dominic a bakin hanya, ya ce masa Asabar gonar Saja Kefas, shi Dominic ne mai bi. Dominic ya ce to, ya tuna tasa gonar. Harƙiya ta riga ta kai wa dawarsa wuya, ruwa kuma bai fasa sauka ba. In aka ƙara mako, dawar ta zama sai labari. Ya tsaya ya yi lissafi irin na masu ilimi: abin da ke tsakaninsa da fartanyoyin ƙungiya gaba ɗaya, kalma guda ce daga bakin Kefas. In Kefas bai ji ba, ba zai amsa ba.

Kai ma ka yi irin wannan lissafin. Doka ta ce a sanar. Ka duba ta sama da ƙasa, babu inda ta ce a gane.

Mataki na biyu: Ka san mutuminka, ka san wayarsa

Kada ka ce ai makaho ne, shike nan. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Saja Kefas ya bar idanunsa biyu a bakin daga, can gabas, amma ya dawo da kunnuwansa da bakinsa, kuma kowanne ya ƙara kaifi. Shi ne mai gangar noma ta ƙungiya, da ita yake biyan nasa aikin gayya. A taro ba a rufe magana sai ya yi tambayarsa. Wayarsa kuwa tana da wata baturiya a ciki da ke karanta masa duk rubutun da ya shigo. Madam yake ce mata. Hausarta ta karkace kamar ta sabon fada a coci, tana kiran Rikoto da wani suna da ko uwar garin ba za ta amsa ba, amma Saja ya saba da bakinta har yana yi mata gardama. In ya zauna a rumfar mai faci yana shafa gilashin waya da yatsa, duk wanda ke wurin sai ya ji abin da aka rubuto masa.

Dominic ya san da Madam. Ya kuma san abu biyu da suka kwantar masa da hankali. Na farko, Madam rubutu take karantawa, in aka ba ta hoto sai ta ce hoto ta yi shiru. Na biyu, Saja mutum ne mai girman kai, ba ya miƙa wa kowa wayarsa ya ce duba mini. Ya sha faɗa cewa ranar da ya fara haka, ranar ya makance na gaskiya.

Saura mutum guda, Gladys ƙanwar Saja, mai ɗinki a kasuwar Zuru. Sanƙarau ya toshe mata kunne tun tana budurwa, amma idonta kamar na shaho, kuma ita ke dafa abincin gayyar yayanta. Tana cikin zaure. In ta gani, to an gama.

Ga aikinka ke nan: mutum guda ba ya gani, mutum guda ba ya ji. Kada ka cire su. Cirewa tana barin shaida, waya takan rubuta wa kowa cewa wane ya cire wane. Ka bar su a ciki su zauna lafiya, kai dai ka gina ƙofar yadda ba za ta wuce da su ba.

Mataki na uku: Ka fara gajiyar da Madam

Soja ba ya kai hari sai ya gwada ƙarfin abokin gaba, wannan ko Saja zai gaya maka. Da yammacin Lahadin Dominic ya aika gaisuwa a zaure. Bai yi ta da baƙaƙen da kowa ya sani ba, ya nemo irin masu lanƙwasa da jela, waɗanda ake yi wa katin biki. Kowace kalma ya raka ta da 'yan hotunan nan na waya: hannu a haɗe, zuciya, wuta, zangarniya, tarakta, har da wani kifi da shi kansa bai san abin da ya kawo shi ba. Sannan ya taka zuwa rumfar mai faci ya tsaya daga baya kamar mai duba taya.

Abin ya yi kyau. Madam ta iso kan baƙaƙen masu jela ta shiga kiransu ɗaya-ɗaya da wasu dogayen sunaye kamar mai karanta magani, sannan ta faɗa cikin hotuna. Hannu a haɗe, hannu a haɗe, hannu a haɗe, wuta, wuta, wuta. Saja ya saurara har ta kai kan kifi.

"Wanga sakatare namu," ya ce wa mai faci, "ko dai gobara ta kama shi a bakin gulbi?"

Aka yi dariya, Saja ya shafe saƙon ya wuce. Dominic ya koma gida yana jin daɗi. Abin da yake so ke nan, Saja ya saba da cewa saƙon sakatare surutu ne.

Masana sun ce ado yana ƙara wa magana daraja. Gaskiya ne. Magana in ta yi daraja sosai, talaka ba ya iya kusantarta.

Mataki na huɗu: Ka raba maganar gida biyu

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka buɗe kunne.

Kada ka rubuta sanarwa a cikin waya. Ka sami takarda, ka rubuta da hannu, da fensir in akwai. Wasu wayoyin zamani sun koyi tsinto rubutu daga cikin hoto, saboda haka ka ɗauke shi a karkace, da magariba, inuwar babban yatsanka ta rufe kusurwa guda. Dominic ya yi nasa a bayan kwalin maganin feshi. Abin da ya rubuta shi ne gonar Saja Kefas, sauran bayani a murya. Bai sa rana ba. A ƙarƙashin hoton, inda mutanen kirki ke rubuta abin da ke ciki don wanda ba ya gani, ya sa kalma biyu: ga shi.

Ka lura da kyawun wannan kalma. Ga shi. Ba ta ce komai ba, amma ta nuna ka yi ƙoƙari.

Sai murya. Kada ka yi ta a ɗaki, ɗaki ya yi shiru da yawa. Dominic ya je ya tsaya kusa da injin niƙan Lukuman lokacin da ake ɓarzar masara, ya danna. Ya gai da shugaba, ya gai da dattawa, ya gai da mata, ya yi ta'aziyyar wani da aka binne tun bara, ya yi addu'ar damana, ya ja ta har mai sauraro ya fara hamma. Can wajen ƙarshe, daidai inda injin ya ƙara kuka, ya ce gayya ranar Asabar, wanda kuka ga sunansa a hoto ya amsa kafin Laraba ta faɗi. Bai ambaci suna ba. Bai kuma rubuta ko kalma guda ta abin da ya faɗa ba, don kada Gladys ta samu abin karantawa.

To duba yadda abin ya zauna. Mai ido ya ga suna bai san rana ba. Mai kunne ya ji rana bai san suna ba. In an kai ka gaban dattawa, ka buɗe waya ka nuna musu: ga suna, ga rana, me kuma ake so sakatare ya yi, ya bi gida-gida da ƙaho?

Mataki na biyar: Ka kulle zaure, ka ɓace

Hatsarin zaure shi ne masu taimako. Kullum akwai wani mai zuciyar kirki da zai rubuto, wai don Allah me hoton nan ya ce, wani kuma ya ba shi amsa a fili, aikinka ya rushe. Dominic bai jira haka ba. Yana gama aikawa ya murɗa makulli yadda babu mai iya sa magana sai shi, ya ce an yi haka ne don rage hayaniya da tallan maganin basir.

Daga nan sai ka yi wuyar samu. Wannan matakin yana son juriya. Ran Talata wayar Dominic ta yi ƙara, ya duba ya ga Malam Talle. Ya san tsohon zai ce ne bai ga komai a hoton ba, a karanta masa, in kuwa aka karanta masa a gaban mutane magana ta fita. Ya kife wayar. Ta sake ƙara, ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ya daina bi ta gaban rumfar mai faci, ya koma zagayawa ta bayan makaranta ko da akwai taɓo. Da ya hango shugaba tafe da sandarsa, sai ya tuna yana da aiki a Mahuta, ya juya babur. Bai je Mahutar ba, ya dai tsaya a bayan gari har tsohon ya wuce.

Ranar Laraba ta faɗi. Dominic ya buɗe zaure ya duba. Babu amsar Saja. Bai tsaya tambayar kansa ta ina amsar za ta shigo ba tunda shi ya kulle ƙofar. Kai ma kada ka tambaya. Irin wannan tambayar ce ke hana mutum ci gaba.

Mataki na shida: Kada ka damu da abin da ke faruwa a bayanka

Dominic ya tabbatar wa kansa da abu guda: makaho da kurma ba su da hanyar hira. Ita ta yi nuni da hannu ba ya gani, shi ya yi magana ba ta ji. Ya taɓa ganinsu zaune a ƙofar gida kowa ya duƙufa a kan wayarsa, har ya tausaya musu, ya ce 'yan'uwa biyu sun zama baƙin juna.

Hira suke yi. Rubutu zalla, marar jela marar kifi, shi ne hanya guda da su biyun ke iya bi, kuma sun daɗe suna binta, har faɗa suke yi a kanta. Tun ran Litinin Gladys ta buɗe hoton kwalin maganin feshi da yatsu biyu, ta gane rubutun Dominic don aji ɗaya suka yi a firamare kuma bai gyaru ba. Ta rubuta wa yayanta cewa sunansa ne a ciki, amma an ce saura a murya, ya saurara mata. Saja ya manna waya a kunne. Mutumin da ya yi shekaru yana tsintar umarni daga rediyon oba-oba cikin ƙarar bindiga, injin Lukuman ba zai ɓoye masa Asabar ba. Ya rubuta mata rana, ta rubuto masa cewa babu daddawa a gida.

Da Saja ya iske zaure a kulle, sai ya yi yadda ake yi kafin a san waya. Ya sa hularsa, ya ɗauki goro, ya bi hanyar da ƙafarsa ta sani zuwa ƙofar Malam Talle, ya ce ya amsa. Kiran da shugaba ya yi ta yi ran Talata ke nan, yana son ya gaya wa sakatarensa.

Sannan mutane suka fara tsayawa a rumfar mai faci suna tambayar Saja ko shi ya gane abin da sakatare ke nufi. Wani hoton ya ƙi buɗe masa don sabis. Wani ya bar tabarau a gida. Wata ta ce ta saurari muryar har wajen ta'aziyya, jaririnta ya farka. Masu ƙananan wayoyi masu tocila dama ba su san an yi sanarwa ba. Saja ya zauna shi da Madam suka haɗa layi guda: Gayya ranar Asabar da safe, gonar Kefas, gindin dutse, a zo da fartanya. Ya aika wa kowa a matsayin saƙo na yau da kullum. Lukuman ya ce tun da aka shiga damana, ranar ce ya fara gane sanarwar ƙungiya.

Duk wannan Dominic bai sani ba, shi ya sa ya ci tuwonsa da daɗi. Ka yi koyi da shi.

Mataki na bakwai: Ka sanar da nasararka cikin ƙasaita, kada kuma ka saurari matarka

Yanzu gayya ta dawo kanka, dole ka sanar. Amma ka tuna, in Saja ya ji kafin Asabar zai tayar da ƙura. Saboda haka ka yi ta a bidiyo. Dominic ya ɓata yinin Alhamis a kai. Ya sa furanni suna buɗewa, ya sa kiɗa mai ƙarfi, ya sa rubutu ruwan ɗorawa a kan farin fili, yana shigowa daga hagu yana juyawa yana fita ta sama kafin mutum ya gama harhaɗa baƙi. Babu muryar da ta faɗi abin da aka rubuta. Bidiyon ya yi nauyi har sai da ya hau tudun bayan gida kafin ya tafi. Da ya kalla, shi kansa ya ji ya burge kansa.

Mafi yawan mutane ba su taɓa shi ba, don ba wanda zai ƙona datarsa a kan saƙon mutumin da ya aiko kifi. Gladys ta buɗe, ta tsayar da shi ta karanta, ta rubuta wa yayanta. Saja, don a fita hakki, ya kira Dominic. Dominic ya ga sunan ya yi murmushi, ya ce a ransa an makara Saja, ya bar wayar ta gaji da kuka.

Ran Juma'a ya kai akuya wurin mahauci aka yanka, don Musulmin ƙungiya su ci ba tare da tambaya ba. Ya ce wa matarsa Talatu ta jiƙa gero ta niƙa dawa. Talatu ta ɗauko ƙaramar wayarta ta ce ita fa saƙon da ya shigo mata gonar Saja ya ce.

"Baban Destiny, ka dai tambayi Malam," ta ce.

"Ni ne sakatare ko ke?"

Ta ce shi ne. Ya ce to tsohon zance ne, an canja, yana cikin bidiyo. Ta ce wayarta ba ta cin bidiyo. Ya ce laifin wayarta ne. Talatu ta dube shi, ta ɗauki ƙwarya ta tafi niƙa.

Mataki na takwas: Ka je gona da wuri, ka jira jama'arka

Asabar da sassafe Dominic ya kai tukwane gona, ya jera su a inuwar ɗorawa, ya hau wani dutse ya zauna yadda zai hango hanya. Ciyawa ta kai masa gwiwa, raɓa ta jiƙa masa wando. Yana ta tsara inda za a fara da inda za a ƙare.

Hantsi ya fara dubawa, ɗan kabu-kabu ya wuce ta babbar hanya ɗauke da Gladys da jarkar kunu. Ta tsayar da shi, ta ɗaga hannu tana nuna bayan dutse, ta nuna, ta sake nunawa. Dominic ya ɗauka tana cewa jama'a na tafe, har ya ji daɗi cewa gidan Saja sun haƙura. Ya ɗaga mata hannu irin na manya. Ta ɗaga wayarta ta saita shi, ya gyara zama.

Rana ta yi sama babu kowa. Ya fara zargin ko ya yi kuskuren rana a bidiyon, ya ciro waya ya duba. Cikin hasken rana ruwan ɗorawa da fari suka zama abu guda. Ya kare da hula, ya miƙa hannu nesa, ya matso da ita kusa, furanni kawai yake gani suna buɗewa. Yana cikin haka iska ta juyo daga bayan dutse, ta kawo masa gangar noma. Ya san hannun. A ƙungiyar mutum guda ne ke kaɗa ta haka, kamar yana yi wa ciyawa fareti.

Talatu na zaune wajen tukwane, ita ma ta ji gangar. Ta naɗa gammo, ta ɗora tukunyar akuya a ka, ta ce ita ba za ta bari nama ya lalace ba. Ya zauna kaɗan don kada a ce mace ya bi, sannan ya bi ta.

Ya iske an cinye fiye da rabin gonar, mutane sun zube a inuwa ana shan kunu. Saja na zaune da ganga a cinya.

"Sakatare ne?" ya ce. "Na ji ƙamshin akuya kafin in ji takunka. Allah ya saka, ba mu sa rai da nama ba."

Malam Talle ya ce ya kira Dominic har wayarsa ta yi zafi. Dominic ya tsaya a kan bakansa, ya ce Saja bai amsa a zaure ba, gayya ta koma kansa, kuma ya sanar. Shugaba ya ce Saja ya amsa da goro tun Talata, goro kuma ya girmi zaure. Ya ce a nuna masa sanarwar. Dominic ya kunna bidiyo ya miƙa. Tsohon ya kai wayar daf da idonsa, kiɗa na tashi, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya haihu?" ya ce.

Ba wanda ya tsawata wa Dominic. Aka ci akuyarsa, aka yaba wa Talatu, aka koma kan kunya. Doka ta ce wanda ya zo bayan an fara shan kunu bai zo ba, don haka sakatare ya koma ƙarshen layi. Lukuman ya lissafa da yatsu ya ce layin zai iso kan Dominic wajen kaka, sai dai a zo a taya shi neman dawar a cikin ciyawa. Shugaba ya sa sakatare ya buɗe zaure a tsaye a wurin, ya ba Gladys makulli na biyu. Ya kuma yanke cewa daga yau kowace sanarwa a fara rubuta ta da baƙaƙen da Madam ta sani, a bi da murya don waɗanda ba su yi boko ba, hoto in an sa a faɗi abin da ke ciki.

Gladys ba ta ɓata lokaci ba. Kafin a tashi daga gona wayoyi suka yi ƙara. Hukuncin sakatare ne, a rubuce, gajere, ko mai ƙaramar waya ya samu. Saja ya bi shi da murya, ya faɗa a fili babu injin niƙa. Sai hoto, da rubutu a ƙarƙashinsa. Saja ya ƙure ƙarar waya, ya shafa, Madam ta karanta wa jama'a da karkatacciyar Hausarta: Hoton Sakatare Dominic zaune a kan dutse a gonarsa shi kaɗai, ciyawa ta kai masa gwiwa, tukwane a bayansa, yana ɗaga hannu yana murmushi.

Saja ya jinjina kai.

"Yau na ga hoto," ya ce. "Madam, maimaita."

Gargaɗi

An yi maka alkawari babu wanda zai gane sanarwarka, kuma ka ga an cika. Ba a yi maka alkawarin jama'a za su zauna jiran ka ba. Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cikin akuyarka, ko dawarka, ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka in an ambaci bidiyo. In ka bi matakan nan ciyawa ta cinye ka, kada ka zo ƙofar kowa da ƙorafi. In kuma dole sai ka yi ƙorafin, ka aiko shi a rubuce da baƙaƙe na gari, marasa jela, domin idon mai karantawa ya soma gajiya, kuma ba ya buɗe hoto.